Tunawa da Mai Shari'a Mamman Nasir, Galadiman Katsina (1929-2019)

Bismillahir Rahmanir Rahim.



Kafin in ce kome, wajibi ne in gode wa shugabannin wannan ƙungiya tamu saboda damar da suka ba ni ta tsayawa a gabanku, alhali kuwa a cikin wannan zaure akwai waɗanda suka fi ni ilmi da shekaru nesa ba kusa ba. Abin da aka ɗora mini shi ne in yi magana a kan rayuwar ɗaya daga cikin magabatanmu waɗanda suka ƙare kwanakinsu a bakin aikin jama'a. Ni kuwa sai na zaɓi marigayi Mai Shari'a Mamman Nasir, Galadiman Katsina, Hakimin Malumfashi, wanda Allah ya yi wa rasuwa ran 13 ga watan Afrilu, 2019.

Dalilin wannan zaɓi shi ne, yawancinmu da muke zaune a nan aikin gwamnati muke hanƙoro, wasunmu ma har sun riga sun kama. Kowane ɗayanmu kuwa, ko ba jima ko ba daɗe, zai tarar da wata tambaya tana jiransa a kan tebur, watau shin wane ne ubangidan ma'aikaci? Kujerar da yake kai ce, ko gwamnatin da ke ci a ranar, ko kuwa jama'ar da ake biyansa albashi da dukiyarsu? Mutumin da ya yi shekara 63 yana aikin hukuma, a ƙarƙashin Turawa da 'yan siyasa da soja da kuma Sarki, lalle rayuwarsa ba za ta rasa abin da za ta gaya mana game da wannan tambaya ba.

HALIN DA SHARI'A TAKE CIKI KAFIN ZUWANSA

An haifi Mamman Nasir a ƙasar Katsina cikin 1929, zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko. Ya yi karatu a Kwalejin Kaduna, watau tsohuwar Kwalejin Katsina wadda aka mayar Kaduna a 1938, daga bisani kuma ta koma Zariya ta zama Kwalejin Barewa. Ya gama a 1947. To, a wannan shekara ce aka yanke wata shari'a wadda ta ta da hankalin Sarakuna da malaman Arewa, kuma idan ba mu fahimce ta ba, ba za mu gane abin da ya sa Arewa ta matsu da neman lauyoyin kanta ba.

Wani mutum mai suna Tsofo Gubba ya kashe kwarton matarsa. Kotun Sarkin Gwandu ta same shi da laifin kisa da gangan bisa mazhabar Malikiyya, ta yanke masa hukuncin kisa. Da maganar ta kai Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Afirka ta Yamma, sai jojin Turawa suka ce bisa ga kundin dokokin laifuffuka wanda Gwamna Lugga ya kafa tun 1904, wanda aka tunzura har ya fita hayyacinsa ya yi kisa ba a kashe shi, ɗauri ake yi masa. Saboda haka suka soke hukuncin kisan.

Ku dubi abin da wannan yake nufi. Ƙasa ɗaya, laifi ɗaya, amma ran mutum ya rataya ne a kan kotun da aka fara kai shi. A gefe guda ga kotunan En'e, na alƙalai da na Sarakuna, waɗanda su ne suke jin mafi yawan ƙararrakin talakawa, kuma doka ta hana lauya ya sa ƙafa a cikinsu. A ɗaya gefen ga kotunan majistare da Babbar Kotu masu aiki da dokar Turawa. Kowa yana da kukansa. Sarakuna da malamai suna ganin ana yi wa Shari'a shisshigi. Waɗanda ba Musulmi ba suna tsoron a gurfanar da su a gaban alƙali. 'Yan NEPU kuwa, tun daga kafuwar jam'iyyarsu a Kano cikin 1950, suna kukan an mai da kotun alƙali sandar dukan 'yan hamayya. Ana cikin wannan hali Jihar Arewa kaf ba ta da ɗanta ko guda wanda ya zama lauya, sai a 1955 da Abdulganiyu Folorunsho Abdulrazaƙ na Ilori ya buɗe ƙofa.

A wancan zamani babu makarantar horon lauyoyi a Nijeriya, sai an tafi London. Mamman Nasir ya fara zuwa Kwalejin Jami'a ta Ibadan ya koyi harshen Latin don share fage, sa'an nan ya wuce Ingila, ya zama lauya a Lincoln's Inn. Shi da Muhammadu Bello, wanda shi ma Bakatsine ne, da Buba Arɗo, suna cikin sahun farko na lauyoyin Arewa. A 1956 ya kama aikin lauyan gwamnati.

FINAL KOD DA KUJERAR MINISTA

Ya dawo gida daidai lokacin da ake shirin mulkin kai. A 1957 Gwamnatin Ingila ta naɗa Hukumar Willink don ta binciki tsoron da ƙananan ƙabilu suke ji, kuma maganar kotunan alƙalai tana cikin manyan koke-koken da aka kai mata daga Arewa. Gwamnatin Sardauna ta ga cewa gara ta yi gyaran da hannunta. Ta aika da wakilai zuwa Libiya da Pakistan da Sudan su ga yadda ƙasashen Musulmi suke tafiyar da shari'arsu, kana a 1958 ta gayyato wani kwamitin masana a ƙarƙashin Babban Jojin Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat. Cikin 'yan kwamitin akwai Mai Shari'a Muhammad Sharif daga Pakistan, da Farfesa Anderson daga London, da Shettima Kashim Wazirin Borno, da Peter Achimugu, da Malam Musa Babban Alƙalin Bida.

Shawarar da suka bayar ita ce ta haifi dokar da muke kira Final Kod, wadda ta fara aiki ran 30 ga Satumba, 1960, ana gobe Nijeriya za ta sami 'yancin kai. An ɗauko ginshiƙinta daga dokar Sudan ta 1899, wadda ita kuma ta samo asali daga ta Indiya ta 1860. An ba malamai, a ƙarƙashin Wazirin Sakkwato Junaidu, suka duba ta kafin Majalisa ta zartar. Aka bar hukuncin bulala a kan Musulmin da ya sha giya ko ya yi zina. Al'amuran aure da saki da gado da riƙon marayu kuwa aka bar su ga Shari'a, aka kafa musu Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a da Alƙalin Alƙalai a kanta. A taƙaice dai sulhu aka yi, shi kuwa sulhu ba ya yiwuwa sai kowa ya bar wani abu. Akwai malaman da har suka koma ga Allah ba su daina ganin an yi asara ba, kuma maganar ta sake tasowa a 1999 lokacin da Jihar Zamfara ta yi shelar dawo da hukuncin Shari'a a kan laifuffuka.

A 1961 aka naɗa Mamman Nasir Ministan Shari'a na Jihar Arewa, yana da shekara 32 da haihuwa. 'Yan'uwana ɗalibai, ku lissafa shekarun da suka rage muku ku kai haka. Aikin da ya tarar kuwa ba ƙarami ba ne, domin rubuta doka a Kaduna daban, isar da ita ga ɗaruruwan kotunan da ke warwatse daga Argungu zuwa Mubi kuma daban. Alƙalin da ya yi shekara talatin yana hukunci da Risala da Muhtasar, yau an ce ya buɗe wani kundi mai sassa da lambobi, ya rubuta tuhuma, ya ajiye bayanin shaidu yadda kotun sama za ta iya bin diddigi. Sai da aka riƙa kwasar alƙalai da ma'aikatan kotu zuwa Makarantar Koyon Sha'anin Mulki ta Zariya ana yi musu kwas. A cikin waɗannan shekaru ne kuma, a 1962, aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello da sashenta na koyar da aikin lauya, don kada ɗan Arewa ya sake dogara ga London.

Ba za mu ce kome ya gyaru ba. Har zuwa faɗuwar Jamhuriya ta Farko 'yan hamayya ba su daina shan ɗauri a kotunan En'e ba, kuma Ministan Shari'a na gwamnatin NPC ba zai ce ba ya da rabo a cikin alhakin gwamnatinsa ba. Amma dai an aza harsashi: laifi ya zama abin da aka rubuta, hukuncinsa ya zama sananne, kuma talaka ya sami matakalar da zai hau in ya ga an zalunce shi.

DAGA MINISTA ZUWA MA'AIKACI

Ran 15 ga Janairu, 1966, soja suka kashe Sardauna da Firayim Minista Abubakar Tafawa Balewa, gwamnatin farar hula ta rushe, ministoci suka zama ba kowa ba cikin dare ɗaya. A nan ne, a ganina, halin mutumin ya fara bayyana. Wanda jiya ake buɗe wa mota, ma'aikata suna miƙewa in ya shigo, a 1967 sai ga shi ya dawo shugaban masu gabatar da ƙara na gwamnati, watau ma'aikaci a ƙarƙashin ma'aikatar da ya taɓa shugabanta. Da aka raba ƙasa jihohi 12 a wannan shekara, ya zama babban lauyan gwamnatin Jihar Arewa ta Tsakiya, wadda ta haɗa lardin Katsina da na Zazzau, a zamanin Gwamna Abba Kyari.

Kada mu ɗauki wannan da wasa. A ƙasarmu wanda ya taɓa hawa yana ganin sauka mutuwa ce, har ya gwammace ya zauna a gida yana jiran wani juyin ya zo da shi. Alhali kuwa a waɗannan shekaru ne aka yi sauyin da ya fi kowane girma a sha'anin shari'ar Arewa: aka karɓe kotuna daga hannun En'e aka mai da su kotunan yanki a ƙarƙashin gwamnatin jiha, aka rufe kotunan Sarakuna, daga bisani 'yan doka da gidajen yari su ma suka koma hannun Gwamnatin Tarayya. Sababbin jihohi, ga yaƙin basasa, ga ƙarancin ma'aikata. Da 'yan tsirarun lauyoyin da ake da su sun tsaya girman kai, da ba a sami masu rubuta dokokin da jihohin suka tsaya a kansu ba.

SHEKARA GOMA SHA HUƊU A KOTUN ƊAUKAKA ƘARA

A 1975 aka naɗa shi joji a Kotun Ƙoli, shekara ɗaya da abokin tafiyarsa Muhammadu Bello. A 1976 gwamnatin soja ta kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya don ta tsaya tsakanin manyan kotunan jihohi da Kotun Ƙoli. Shugabanta na farko, Mai Shari'a Dan Ibekwe, ya rasu a 1978, sai aka ɗora wa Mamman Nasir shugabancinta. Kotu ce wadda take ƙasa da Kotun Ƙoli, hukuncinta kuma Kotun Ƙoli tana iya rushe shi. Muhammadu Bello ya ci gaba da zama a sama har ya zama Babban Jojin Nijeriya a 1987, ɗan Arewa na farko da ya riƙe wannan muƙami. Shi kuwa Mamman Nasir ya zauna yana renon jaririyar kotu har 1992.

Shekarar da ya kama wannan aiki ita ce shekarar da gardamar Shari'a ta kusa tarwatsa Majalisar Tsara Tsarin Mulki. An kawo shawarar kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Tarayya, aka ƙi amincewa, wakilai Musulmi da yawa suka fice daga zauren a watan Afrilu, 1978. Mafitar da aka samu ita ce, Tsarin Mulkin 1979 ya tanadi cewa a cikin jojin Kotun Ɗaukaka Ƙara lalle a sami aƙalla uku masana dokar iyali ta Musulunci, da aƙalla uku masana dokar gargajiya. Watau kayan da 'yan siyasa suka kasa ɗauka, a kan kotunsa aka sauke. Mutumin da ya ga yadda aka ƙulla sulhun 1960 da idonsa, shi ne aka ba riƙon sulhun 1979.

Bari in kawo muku kaɗan daga cikin shari'un da suka bi ta wannan kotu a zamanin shugabancinsa, don mu ga inda ƙarfinta ya kai da inda ya tsaya.

A watan Janairu, 1980, Gwamnatin Tarayya ta sa aka kama Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a Majalisar Dokokin Jihar Borno, ɗan jam'iyyar GNPP, aka tsallaka da shi Chadi a kan cewa wai ba ɗan Nijeriya ba ne. Babbar Kotun Maiduguri ta ce ɗan ƙasa ne, korarsa haramun ce. Gwamnati ta ɗaukaka ƙara, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar da hukuncin. Haka kuma a 1985, da gwamnatin soja ta Jihar Legas ta fitar da Odumegwu Ojukwu daga wani gida a Ikoyi da ƙarfin tsiya alhali magana tana gaban kotu, wannan kotu ce ta ba da umurnin a mayar da shi, Kotun Ƙoli kuma ta tsawata wa gwamnatin a 1986. Ku lura, ɗaya ɗan hamayya ne, ɗayan kuwa mutumin da ya jagoranci ɓallewar Biyafara ne, amma doka ba ta tambayi tarihinsu ba.

A ɗaya hannun, da Majalisar Dokokin Jihar Kaduna ta tsige Gwamna Abdulƙadir Balarabe Musa a watan Yuni, 1981, wannan kotu ta ce Tsarin Mulki ya hana kotuna sa baki a maganar tsige gwamna. Da soja suka dawo kuma, suka kafa Dokar Soja ta 2 ta 1984 wadda ta ba da ikon tsare mutum ba tare da shari'a ba, suka kuma rubuta cewa babu kotun da za ta saurari ƙara a kai, sau da yawa joji ba su da abin cewa illa hannunsu a ɗaure yake. Iyakar joji ke nan: da doka yake aiki, in kuwa mai bindiga ne yake rubuta dokar, to alƙalamin joji ba ya wuce inda aka ja masa layi.

Ɗaliban aikin lauya da ke cikinmu sun san sunansa ta wata hanya. A shari'ar Uzoukwu da Ezeonu ta 1991, inda wasu mutanen ƙasar Anambara suka kai kukan ana kiransu bayi, Mamman Nasir ya fayyace bambancin da ke tsakanin haƙƙin ɗan Adam gaba ɗaya da kuma haƙƙoƙin da tsarin mulkin ƙasa ya rubuta ya ba kotu ikon karewa. Wannan bayani nasa ya shiga littattafan da ake koyar da mu da su.

KOMAWA MALUMFASHI

A 1992 ya ajiye aikin joji, Mai Shari'a Mustapha Akanbi ya gaje shi, Sarkin Katsina Muhammadu Kabir Usman kuma ya naɗa shi Galadiman Katsina, Hakimin Malumfashi. Sarautar Galadima babba ce, tana cikin masu zaɓen Sarki. Amma mu tambayi kanmu, mene ne ya rage a hannun hakimi a 1992? Kotu ta tafi tun ƙarshen shekarun 1960. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya miƙa mulki ga shugaban ƙaramar hukuma. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa filaye ga gwamna. Haraji da jangali kuwa gwamnatin PRP ta soke su a tsohuwar Jihar Kaduna tun 1979. Hakimi ba shi da ɗan sanda, ba shi da gidan yari, ba shi da baitulmali.

Abin da ya rage masa shi ne zaure da tabarma da mutunci. Manomi da makiyayi in sun saɓa, 'yan'uwa in sun yi rikicin iyakar gona ko rabon gado, gwamnati in tana son a fito da yara rigakafi ko a sa su makaranta, duk ƙofar hakimi ake nufa, shi kuwa ba shi da makamin da ya wuce lallashi da nasiha. Mutumin da hukuncinsa yake ɗaure manyan kotunan Nijeriya baki ɗaya, shi ne ya koma ƙasar noman auduga da masara da dawa, ya zauna shekara 27 yana sauraron irin waɗannan ƙananan matsaloli, yana faɗuwa gaban Sarki yana gaisuwa kamar kowane hakimi. Mu da muke ɗaukar takardar digiri a matsayin takardar sallama daga ƙauye, har muna ganin tura mutum aiki karkara horo ne, akwai abin dubawa a nan.

INDA AKE DA JA

Malam Shugaban taro, yabon gwani ya zama dole, amma taron ɗalibai ba wurin maroƙa ba ne, kuma ba mu girmama mamaci ba idan muka ɓoye rabin tarihinsa. Akwai wani babi na rayuwar Galadima wanda mutane suka saɓa a kansa, shi ne kuma ya fi shafar tambayar da na fara da ita.

Janar Sani Abacha ya karɓi mulki a watan Nuwamba, 1993, bayan soke zaɓen 12 ga Yuni. A 1994 ya kira Taron Tsarin Mulki na Ƙasa, Mai Shari'a Karibi-Whyte yana shugaba, Mamman Nasir yana mataimaki. Bayan taron kuma aka ba shi shugabancin kwamitin aiwatar da shirin mayar da mulki ga farar hula. To, a cikin waɗannan shekaru Cif Moshood Abiola yana tsare tun 1994. Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa, Bakatsine, wakili a wannan taro, wanda ya tsaya kai da fata a sa wa soja ranar sauka, an kama shi a watan Maris, 1995, ya rasu a kurkukun Abakaliki a watan Disamba, 1997. An rataye Ken Saro-Wiwa da mutum takwas ran 10 ga Nuwamba, 1995. Daga ƙarshe, a watan Afrilu, 1998, jam'iyyu biyar ɗin da aka yi wa rajista dukansu suka tsai da Abacha ɗan takararsu. Shirin bai kai ko'ina ba har Allah ya karɓi ran Janar ɗin ran 8 ga Yuni, 1998.

Babu mai cewa Galadima ne ya tsare wani ko ya rataye wani. Masu kare shi suna da hujja mai ƙarfi: ƙasa tana bakin rami, in mutanen kirki suka ƙi shiga, miyagu ne za su cika wurin, kuma taron bai tashi a banza ba, tun da daga cikinsa ne maganar raba ƙasa shiyyoyi shida ta fito. Wannan ita ce aƙidar tsararsa tun daga zamanin Sardauna, watau in ƙasa ta kira ka, ba ka cewa a'a.

Amma masu suka su ma suna da tasu hujjar, kuma ni a nan na fi karkata gare su. Gwamnatin da ba ta da halacci ba aikin dattijo take bukata ba kamar yadda take bukatar sunansa. Tana aron mutuncin da ya yi shekara arba'in yana tarawa ta lulluɓe abin da take yi da shi. Halin nan da muka yaba, na karɓar aiki kowane iri ba tare da duban girman kujera ba, shi ne dai zai iya hana mutum tsayawa ya duba wanda ya miƙo masa kujerar. Da dattawa irinsa sun ce sai an saki waɗanda ake tsare da su kafin su zauna, ko da ba a saurare su ba, da na baya sun san cewa akwai inda biyayya take ƙarewa.

KAMMALAWA

'Yan'uwana ɗalibai da yayyenmu ma'aikata, abu biyu nake roƙon mu tafi da su daga wannan zama.

Na farko, mu raba aiki da kujera. Mamman Nasir ya yi minista ya dawo ma'aikaci, ya bar Kotun Ƙoli ya riƙe ta ƙasa da ita, ya bar birni ya koma gunduma, kuma babu inda darajarsa ta ragu. Wanda aka tura shi sakatariyar ƙaramar hukuma, ko kotun yanki a ƙauye, ko asibitin karkara, kada ya ɓata shekarunsa yana bin ofis-ofis neman canji. Fayil ɗin da ke gabansa gonar wani ce, ko fanshon wani, ko 'yancin wani da ke tsare yana jiran shari'a.

Na biyu, kowa ya ja wa kansa layi tun yanzu, tun ba a ba shi mota da gida ba, ya san irin takardar da ba zai sa wa hannu ba da irin kujerar da ba zai karɓa ba ko wane ne ya miƙo ta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Idan har dattijo mai ilmi da gogewa irin Galadima zai shiga inda za a yi ta gardama a kansa bayan ransa, to ina ga mu da ba mu ga kome ba tukuna? Gwamnatoci da yawa sun zo sun wuce a gabansa, daga ta Turawa har ta farar hular da aka dawo da ita a 1999, amma mutanen da aka yi kotunan nan da ofisoshin nan dominsu suna nan inda suke. Su ne iyayen gidanmu, kuma a kan haƙƙinsu za a tambaye mu gobe Ƙiyama.

Allah ya jiƙan Galadiman Katsina Mamman Nasir, ya karɓi kyawawan ayyukansa, ya yafe masa kurakuransa, ya sa Aljanna ce makomarsa. Mu kuma Allah ya ba mu ilmi mai amfani, ya ba mu ikon riƙon amana.

Malam Shugaban taro, a nan zan dakata.